Sandar Inna Marka a Bakin Teku

A unguwarmu ta gefen gulbi a Gummi, ba mai kwashe kayansa don tsoron ruwa sai ya ji ta bakin Inna Marka. Kakata ce, ita ta haifi babanmu. Sana'arta tuyar ƙosai, amma an fi saninta da wata sandar gora. Idan damina ta yi nisa, takan kafa sandar daidai inda ruwa ya tsaya, ta koma kan kaskonta. In ruwan ya wuce sandar, sai ta ce a ɗaure hatsi, a kai yara tudu. Tun kafin a haife ni take haka, kuma ba a musu da ita.

Bara bayan Ƙaramar Salla, autanta Baba Surajo, mai sayar da albasa a Ikko, ya aiko a kai masa ita ta ga gari. Ni na raka ta. Ya zaga da mu, muka hau gadar da ba ta ƙarewa, muka ga benaye. Inna ta ɗaga kai ta ce, "Su na sama can, ina suka yin daka?"

Ranar Lahadi ya kai mu bakin teku da 'ya'yansa, Mardiyya da Almustapha. Yara suka zubar da takalma suka ruga. Inna ta tsaya tana neman ɗaya gaɓar, ba ta gani ba. Sai ta taka a hankali ta kafa sandarta a bakin ruwa.

Ko zama ba ta yi ba ruwa ya taso ya wuce sandar.

"Auta! Kwashe ɗiya! Ruwa ya taho!"

Ta fizgo Mardiyya, ta saɓi Almustapha, har da wata yarinya da ba tamu ba, uwar na bin ta tana magana da Yarbanci. Kafin mu kai inda ake ajiye motoci, Almustapha ya ce, "Inna matsoraciya, waiga ki gani." Muka waiga. Ruwan ya koma, sandar na tsaye a kan rairayi.

"Rufe min baki, maigidan banza, ko cefane ba ka yi," in ji ta. Amma muryarta ta sauka.

Ta koma ta tsuguna. Ruwa ya zo, ya tafi, ya sake zuwa. Mutane na ta wanka da ɗaukar hoto, ba mai gudu. Baba Surajo ya ce, "Inna, haka yake kullum. Sa'adatu, ke da kika yi makaranta, gaya mata." Na ce an koya mana wata ne ke jan ruwan teku. Ta dubi sama, rana tsaka. "Wane wata?" Ni ma na duba. Muna cikin haka wata igiyar ruwa ta tumɓuke sandar ta tafi da ita.

Da muka dawo gida, damina ta kankama, gulbi ya fara cika. Maƙwabcinmu Malam Mainasara ya yi sallama ya ce, "Inna, mu kwashe ko mu dakata?"

"Ni kam ban san ruwa ba," ta ce. "Na ga ruwan da ya ƙaryata ni gaban jikokina."

Unguwa ta rikice. Wasu sun ɗaure kaya, wasu sun kwance, wasu suna zuwa sayen ƙosai don kawai su karanci fuskarta. Rannan da safe ta ɗauki muciya ta nufi gulbi, ta kafa. Ruwa ya wuce muciyar tun da hantsi. Da can da ta yi magana nan take. Ranar sai ta zauna tana jira ta ga ko zai koma. Har la'asar bai koma ba.

"Wanga namu ne, in ya taho ya taho," ta ce. "Ku kwashe."

Aka kwashe a gurguje. Yara sun kai tudu lafiya, amma jiran ya ja ruwa ya jiƙa geron Malam Mainasara na ƙasan rumbu. Bai yi mata ƙorafi ba, ita ce ta kasa haɗa ido da shi har lokacin kaka.

Bana ta sami sabuwar gora, kuma ba ta ƙara jira. Sai dai duk wanda ya zo daga Ikko takan tare shi ta tambaya ko an ga sandarta. Ta ce ruwan da ke tafiya yana dawowa, ai ya kamata ya maido abin da ya ɗauka.