Direba da Lafiyar Masinja

Shekara ashirin da shida Direba ya yi yana jan motar ofis, kuma duk tsawon lokacin nan tausayin Masinja yake ji. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki. Shi aka damƙa masa makulli da kujera mai laushi. Masinja kuwa jakar takardu aka miƙa masa da tsohon keke, ga bene hawa huɗu da yake hawa yana sauka yini guda. In sun haɗu a titi, Direba kan sauke gilashi ya yi masa sannu da wahala.

A hankali tumbi ya zo wa Direba irin na manajoji, har yana shafa shi da alfahari. Daga baya gwiwa ta fara ƙara, ɗaura igiyar takalmi ma sai ya riƙe numfashi.

Ranar da aka kawo likita ya duba ma'aikata, benci ɗaya suka zauna. Likita ya auna jinin Direba sau biyu, ya rubuta masa ƙwayoyi kala uku. Da ya zo kan Masinja, sai da ya sake tambayar shekarunsa, ya ce zuciyarsa ta fi ta wasu samari. Masinja ya yi dariya, ya ce shi bai san wani motsa jiki ba, aike kawai ya sani.

Dariyar nan ta tsaya wa Direba a rai. Ya koma zama cikin mota yana leƙen mutumin ta madubi, yana ganin yadda yake tsallake matakala bibbiyu har da fito. Ya raɗa wa maigadi cewa akwai maganin da Masinja ke sha a ɓoye. A gida kuma ya ce wa matarsa ramar wahala ce ake kira lafiya.

Tana gasa masa gwiwa da ruwan zafi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To, Baban yara, shi dai ban ji ana dafa masa ruwa ba."

Kwana biyu bai kula ta ba. A na uku ya fita da sassafe a ƙafa, ya bi bayan layinsu don kada wani ya ce kwaikwayo yake. Makon farko iyakarsa shagon mai faci, ya dafa bango yana haki. Bayan wata uku yana kaiwa gada ya dawo. Barci ya daidaita, likita ya janye ƙwaya ɗaya, wando ya fara neman bel.

Wata safiya sai ga Masinja a kan kekensa, ya ja birki da murna. Direba ya ce makanike ya fito nema.

"Ai kuwa gobe zan raka ka nemansa," in ji Masinja.

Washegari Direba ya sami Masinja tsaye a ƙofar gidansa, ba keke. Suka kama hanya. Masinja na ta ba da labarin jikokinsa, muryarsa ko rawa ba ta yi, Direba kuwa "uhm" kaɗai yake iya cewa. A kan gada ya tsaya ya ce tsakuwa ta shiga masa takalmi. Masinja ya jira shi, yana ɗan tsalle a wuri ɗaya don kada jiki ya huce. Direba ya dube shi ta wutsiyar ido, ya ƙudurta a ransa gobe zai riga shi fitowa da rabin awa.