Katin Lariba

Malam Zubeiru bai taɓa yi wa kowa allura ba, amma duk unguwar Sabonjida ta Tamale Dokta ake kiransa. Shekara goma sha tara ya yi a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙaramin asibitin unguwar, yana tsaron katunan marasa lafiya. Gajere ne, ga sanƙo, ga faɗa kamar aiko shi aka yi, balle ka zo ka ce masa ka yar da lambarka. Sai ya wanke ka tas, sannan ya juya ya zaro maka katin kafin ka gama ba da haƙuri.

Gadararsa kuwa tana da dalili. Yana da babban littafi inda yake rubuta duk wanda ya zo, da ranar da ya zo, da lambarsa. Yana da akwatin katako mai aljihuna cike da ƙananan katuna, a jere bisa sunaye. Da yake Lariba da Lamisi sun fi a ƙirga a Tamale, a ƙarƙashin kowane suna yakan ƙara unguwa da sunan mai gida. Sai kuma manyan katuna a kan kanta, a jere bisa lamba, inda likita ke rubuta ciwo da magani. Yakan ce na farko da na biyu hanya ce kawai, babban kati shi ne gidan.

A ƙarshen 1982 takarda ta yi ɓatan dabo a gari, kamar yadda sukari da sabulu suka yi. Mai ba da magani ya rasa abin da zai ƙunshe wa mutane ƙwayoyi. Aka yanke shawara a kwaso katin duk wanda ya shekara biyar bai zo ba, a yayyanka a riƙa ƙunshi da shi, tunda dai ko ya warke ko ya mutu. Zubeiru ya yi kwana biyu yana masifa. Rana ta uku ya ɗauki almakashi da kansa, don ba zai iya kallon wani yana taɓa masa kanta ba. Ba wanda ya tuna da mutanen da suka tafi neman abinci Legas, har shi mai kaifin ƙwaƙwalwar.

Bayan wata biyu aka koro su daga Legas. Cikin waɗanda suka dawo akwai Abukari tela, mutumin unguwar Kasalgu, da matarsa Lariba. Sun bar gari tun 1977. Kwanakin da ta yi a bayan babbar mota sun kama mata ƙirji, da safe aka shigo da ita ranga-ranga, jiki kamar wuta.

Abukari ya leƙo ta taga da murmushin wanda ya iso gida, ya yi magana da Hausarsa ta Tamale. "Dokta, ka tuna shi ko? Matana Lariba. Allura ɗaya ya kusa kashe shi a nan. Ka ce ka ajiye sunan, ko shekara ɗari ne yana nan."

Zubeiru ya tuna sarai. Ya tuna yadda fuskarta ta kumbura a ranar, da yadda tsohon likita ya rubuta sunan allurar a saman katinta, ya ja masa layi biyu. Layukan yake gani har yanzu. Kalmar ce bai taɓa riƙewa ba, don shi aikinsa ajiya ne, ba karatu ba.

Ƙaramin kati ya ba shi lambarta nan take. Babban littafi ya ba shi ranar. Ya je kanta yana sane da abin da zai tarar, ya tsaya yana kallon gurbin. Tsohon likita ya daɗe da barin ƙasar, Sista Araba mai riƙe da asibitin kuwa shekararta biyu kacal a Tamale. Ya juye kwandon yankakkun katuna a ƙasa, ya durƙusa yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya hau kekensa ya bi gidajen waɗanda suka karɓi magani kwanan nan, yana roƙon takardar ƙunshi. Wasu sun hura wuta da ita, wasu suka ɗauka Dokta ya zautu. Tsoro ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Da la'asar ya dawo hannu rabbana. Sista Araba ta ce ƙirjin ba zai jira gobe ba, allura iri biyu ce kawai ta rage mata, kuma inda za a tura Lariba ma ba su fi ta magani ba. Ta ajiye kwalaben biyu a gabansa.

"Malam Zubeiru, duba da kyau. Wanne ne? Ko kaɗan ne ka tuna, faɗa mini."

Ya duba wannan, ya duba wancan. Ya so ƙwarai ya nuna ɗaya, ko don Abukari da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Sista, ban sani ba."

Ta kauce wa wadda ta fi saba damun mutane, ta yi wa Lariba ɗayar. Kowace ma'aikaciya mai hankali haka za ta yi. Ashe ita ce wadda tsohon likita ya ja wa layi biyu. Lariba ba ta kai magariba ba.

A wurin jana'iza Abukari ya kama hannunsa biyu yana godiya, wai ya ji yadda ya yi ta yawo a rana saboda su. Da mari ya yi masa da ya fi masa sauƙi.

Washegari Sista Araba ta miƙo masa sunan allurar, ta ce doka ce a shigar da shi a katin mai shi. Babu sabon kati. Ya yanko bayan wani kwali, ya rubuta Lariba Abukari, Kasalgu, ya sa tsohuwar lambarta. Ya kwafi kalmar harafi bayan harafi, ya sake dubawa kada ya yi kuskure, duk da ya san babu wanda zai ƙara zuwa ya tambaya.