Baƙin Ruwa a Kwalbar Baba

"Wa ya ba shi wani abu ya sha?" Haka likita ya tambaye mu, yana nuna kwalbar da ke ƙarƙashin gadon Baba. Ruwan da robar ƙirjinsa ke zubowa ya koma baƙi wuluk.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ke nan. An cire wa Baba hanyar abinci saboda ciwon daji, aka jawo cikinsa sama aka ɗinke. An gargaɗe mu, ko ɗigon ruwa kada ya haɗiya.

Nan take zuciyata ta tafi kan Kawu, da ya zo daga Aliero ran nan. Dama shi ya ƙi aikin, yana cewa ba a feɗe mutum kamar rago. Na ƙura masa ido, har na hana shi matsawa kusa da gadon.

Sai Inna ta sunkuyar da kai.

"Likita, ni ce. Rubutu na, malamin Jega ya aiko, ni ko na ba shi ya sha. Rubutu ai ba abinci ba na."

Likita ya juya wajenta.

"Hajiya, kin kusa kashe shi. Amma tawadar nan ce ta nuna mana ɗinkin na yoyo."

Sati biyar ana ciyar da Baba ta roba kafin wurin ya haɗe. Ya koma gonar albasarsa.

Kawu kuwa ya rasu ban nemi gafararsa ba.

Ku fa, wa kuka taɓa zargi a bakin gadon asibiti?