Ranar da Mai Aski Ya Bar Rabin Kai

Shagon nasa ɗan ƙarami ne. Madubi ɗaya mai tsaga a kusurwa, kujera mai juyawa da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, benci na masu jira, sai ƙusar da yake rataye ƙyallen yafawa a wuya. A layin nan ba mai kiran sunansa. Mai Aski ake ce masa, har matarsa in tsokana ta motsa mata. Ya aske iyaye, ya aske 'ya'yansu, yanzu jikoki ake ɗora masa kan katako don su kai madubi.

Tun yana saurayi doka ɗaya yake da ita: in ya ɗora hannu a kan mutum ba ya ɗagawa sai ya gama, kuma ba ya kai loma baki muddin akwai mai jira a benci.

Sai ciwon suga ya zo. Ya zo da allura kowace safiya, ya kuma zo da wani baƙon mutum ya zaunar a cikin jikinsa. Da safe ga raha, amma rana na ɗagawa sai zufa ta keto masa, fuska ta murtuke, ya hau faɗa da kowa, har da ƙudan da ya sauka a madubi. Da yamma ya koma gida ya yi jugum, kunya na cin sa, bai san abin da ya hau kansa ba.

Iyalinsa suka tashi tsaye, amma rabin maganar likita suka riƙe. Sun ji an ce suga, sai suka ɗaura yaƙi da duk wani abu mai zaƙi. Matarsa ta kai gwangwanin sukari ajiya gidan maƙwabta. Auta takan laluba aljihunsa kafin ya fita. Babban ɗansa kuwa ya tsallaka titi ya ja kunnen mai kanti: ko alewa ɗaya kada ya sayar wa Baba.

Wata rana benci ya cika. A kujera akwai direban babbar mota, abokinsa na ƙuruciya. An aske gefe ɗaya, sai injin ya fara karkarwa a hannun Mai Aski.

"Yau kuma rawa muke yi?" in ji direban. "Ka bar min kunnena, da shi nake jin hon."

Mai Aski ya yi jifa da injin. "Tashi ka ba ni wuri! Kai da wannan kan naka mai kama da tayar da ta yi faci! Ku ma ku fita, duk ku fita!"

Benci ya watse. Shi kuwa ya sulale ƙasa ya jingina da bango, idonsa na kallon abin da ba ya nan. Direban ya taɓa ganin irin wannan a jikin mahaifiyarsa. Ya ruga kanti, ƙyalle a wuya, rabin kai na ƙyalli.

"Ba ni lemo!"

"In na Mai Aski ne, an hana ni."

"Ni zan sha, uban 'yan bin doka! Miƙo!"

Ya koma ya ba shi. Kurɓa kaɗan kaɗan, sai ga Mai Aski ya dawo cikin idanunsa, kamar fitilar da aka ƙara wa mai.

Washegari babban ɗan ya zare makullin shagon daga ƙusa ya jefa aljihu.

"Baba, ya isa haka. Jiya zagi ne, gobe reza ce a wuyan wani. Ka zauna gida ka huta."

"In huta? Na ce maka na gaji ne?" in ji Mai Aski. "Ciwon nan ya raba ni da shayi mai zaƙi, na ƙyale shi. Ya mayar da cinyata abin tsira allura, na ƙyale shi. Kujerata kam sai dai ya biyo ta kan gawata. Da wannan almakashin na ciyar da kai har ka yi gemun da kake ɗaga min."

Matarsa ta miƙe. Ta ɗauki gyalenta ta tasa mijin gaba zuwa asibiti. Can ma'aikaciyar jinya ta sake faɗa musu rabin da suka zubar a hanya: mai allura in ya zauna da yunwa sugansa faɗuwa yake yi, faɗan nan da zufar nan ƙararrawa ce, kuma ɗan abu mai zaƙi a aljihu shi ne taimakon farko.

A hanyar dawowa ta ce, "Ashe mu muka ɗauke maka tsani, muna faɗa don ka kasa saukowa."

A gida ta miƙa wa ɗanta tafin hannu. "Kawo makullin." Ya yi gunaguni, ya kawo. Ta juya ga mijinta. "Malam, zaɓi ɗaya. Ko dokarka, ko wannan. Lokacin cin abinci na yi za ka ajiye inji, ko kan wa ke ƙarƙashinsa."

"In ci abinci mutane na jira? Ni?"

"Kai fa."

Ya kalli makullin. Sannan ya fizge shi. "Su jira. Na jira su ai, shekara da shekaru."

Har yau baƙon nan yana leƙowa jefi jefi. In Auta ta ga zufa a goshin Baba ba ta mayar masa da magana, alewa take ɓarewa ta miƙa, faɗan ya biyo baya in da saura. Wani lokacin yakan ba da haƙuri, wani lokacin ya ce shi bai tuna ba.

Ranar da ya sake buɗe shago, direban ne ya fara zama, ya cire hular da ya kwana biyu yana ɓoye kai a ciki. Ana tsakiyar aski matar ta shigo da kwano a rufe. Mai Aski ya kashe inji, ya wanke hannu, ya zauna a benci tsakanin masu jira.

"Haba dai! Rabi kuma?" in ji direban.

"Wancan karon ciwo ne ya bar ka," in ji Mai Aski, bakinsa cike. "Yau ni na bar ka. Zauna daidai, kada ka karya min kujera."