Nonon Tumfafiya a Idon Dama

Ni da na tashi a ƙauye, tumfafiya ce za ta ba ni tsoro? 'Ya'yanta muke takawa muna yara don mu ji sun fashe. Shi ya sa ranar da mai gonar dabinon da nake wa aiki a hanyar Badr, bayan garin Madina, ya ce in sare waɗanda suka fito a bakin hanyar ban-ruwa, ya miƙo mini safar hannu, na ajiye ta kan dutse.

Na yi ta sara, farin nonon nan yana fallatsar mini hannu da wuya. Gumi ya gangaro, na sa bayan hannu na share idon dama. Shi ke nan fa.

Kafin la'asar hannuwa sun yi rudu-rudu, ƙaiƙayi kamar in yage fatar. Wannan bai dame ni ba. Da safe ne na farka a ɗakina na unguwar Ƙiblatain, idon hagu garau, na dama kamar an rufa masa leda. Ba zafi, ba hawaye, kuma rashin zafin ne ya fi ba ni tsoro. Na rufe na hagu, na ɗaga yatsuna, na kasa ƙirga su.

Asibiti? Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta mutu tun bara. In na je, takarda za a fara tambaya. In na zauna, makanta a garin mutane.

Na hau bene wurin maƙwabciyata, wata tsohuwa haifaffiyar Madina da muke kira Inna.

"Inna, na makance."

"Makaho ne ya hawo bene ba sanda? Zauna, sarkin raki."

Ta kwaɓa lalle da garin ganyen magarya ta lafta mini a hannuwa. Sanyi ya ratsa ni, ƙaiƙayin ya lafa. Ganin haka na miƙa mata wuya a kan idon ma.

"Ido sai nonon mai goyo," in ji ta. "Nono shi ke kashe nono."

Ta aika gidan wani direba ɗan Cadi da matarsa ke shayarwa. Da kansa ya kawo a finjali, yana washe baki.

"Ya akhi, a ido aka ce. Ka bari ya zarce maƙogwaro, ka zama ɗana."

Ban yi dariya ba. Kwana biyu ana ɗiga mini, ledar tana nan. Wani tela ɗan Sudan ya ce kwalli zan sa, na ismid. Na rambaɗa. Idon ya kumbura, ya yi jajir, zafin da babu ya zo. Rana ta uku na tsinci kaina ina tafiya masallaci ido rufe, ina lalube bango, wai ina koyo tun da wuri. A bakin ƙofar masallacin na zauna a ƙasa.

Ranar Juma'a ɗan Inna, mai aiki a Yanbu, ya zo gaishe ta. Yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsawa. Ya buɗe mini idon da yatsa, ya juya kan uwarsa.

"Haram alaiki ya ummi!"

"Da irin maganin nan na raine ku, marar kunya."

Na ce masa ba ni da takarda. Ya ce, "Khalas, irkab," ya buɗe mini mota. Abin da ya faɗa wa mutanen asibitin ban sani ba. Ni dai ina zaune ina kallon ƙofa da ido ɗaya, ina jiran a zo a tafi da ni. Ba wanda ya zo sai likita.

Ya haska, ya tambaya, "Da nonon ya shiga, ka wanke da ruwa?"

Na ce a'a.

"Babu ruwa a wurin?"

Ruwan rijiya ne ke gudu a ƙarƙashin ƙafata ranar, mai sanyi, har yana jiƙa mini wando.

Ya ba ni maganin ɗigawa. Bayan mako biyu na ƙirga yatsuna biyar cif. Hannuwa sun warke ba tabo, wannan aikin Inna ne, ban hana ta ba. Amma har yau tana gaya wa mata nono ne ya buɗe mini ido, ni kuma ba na tanka mata. Idon ya dawo, sai dai bai dawo duka ba: duk fitilar da na kalla da shi, sai na gan ta da wani farin zobe a kewaye.