Askar da Aka Hana Ɗa, Aka Sa wa Uwa

Shekara goma sha uku ke nan da muka rasa Yaya Safiya. Kowace shekara nakan soya mata ƙosan sadaka, in yi addu'a, in ja bakina in yi shiru kamar yadda aka hore mu. Bana shirun ya gagare ni. A daidai lokacin da nake wannan rubutu, 'yarta Nafisa tana ɗakina a Lugbe, nan Abuja, da jaririya a cinya. Ta baro gidan mijinta da ɗanyen jego, kuma har yau ba wanda ya biyo sawunta. Laifinta ɗaya ne, ta hana wanzami ya sa wa 'yarta aska.

Safiya yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, malamar firamare, mace mai dariya da ƙarfi, wadda ba ta iya ganin karkatacciyar magana ta wuce. Ta zo Abuja a farkon mulkin farar hula, lokacin da gari ke kumbura kamar ƙullin waina, ko'ina gini, ko'ina sabuwar mota. Mijinta, Alhaji Tukur, ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya. Ya gina gida a Masaka, bayan garin Abuja, ya sayi mota, ya sayi wayar salula tun ba kowa ke riƙe ta ba. Mutum ne mai ilimi, wannan ban taɓa musa masa ba. Shi ya sa ma na kasa yafe masa.

Da lokacin kaciyar ɗansu Bashir ya yi, gwaggon Alhaji da ke zaune da su, Gwaggo Ladi, ta ce a kira wanzamin dangi, wanda ya biyo su daga gida ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Alhaji ya ce sam. "Haba Gwaggo, a wannan zamanin? Askar da ba a san jinin wa ta sha jiya ba? Ɗana asibiti zai je." Aka kai yaro asibitin kuɗi, aka yi masa allurar kashe zafi, ya dawo ana ba shi gasasshiyar kaza. Ban ga laifin wannan ba, rigakafi ya fi magani.

Abin da ya ƙona ran Safiya daban ne. Wannan wanzamin dai shi ya cire wa Nafisa angurya tana 'yar kwana uku, wato yankan da ake yi wa jaririya a gabanta. An yi shi ne Safiya tana bayi tana wankan jego, ta fito ta tarar da jini a zani. A lokacin Alhaji cewa ya yi harkar mata ce, ba ya shiga. To, ranar da aka dawo da Bashir, a gabana ta tambaye shi, "Alhaji, askar da ta yi wa Bashir ƙazanta, me ya tsarkake ta a jikin Nafisa?" Ya ɗauki jarida ya ce ta cika magana.

Ba ta tsaya nan ba. Ta je wurin malamin Islamiyyarsu ta tambaya. Ya ce mata kaciyar maza ba gardama a kanta, ta mata kuwa malamai sun saɓa, amma ba wanda ya halatta cutar da mutum, sauran yanke-yanken wanzamai kuma bai gan su a littafi ba. Ta kawo wa Gwaggo wannan magana da murnarta. Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Mu da aka yi wa, mutuwa muka yi?"

Bayan shekara guda naƙudar ciki na uku ta kama Safiya da safe, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Gwaggo ta ce gishiri ne ya tare hanya, sai an yanka. Maƙwabciyarsu ta gaya mini daga baya cewa Safiya ba abin da take faɗa sai, "Ku kai ni asibiti." Motar gidan tana tsakar gida a lulluɓe, mukulli yana aljihun Alhaji, domin ranar motar ofis ya bi. Aka kira shi, ya ce yana mitin da oga, su yi abin da suka saba, yana tafe. Mata suka danne ta, wanzami ya yi yankan gishiri, jini ya ɓalle. Kafin a sami tasi, kafin tasin ta kurɗa cunkoson Mararraba, yayata ta cika a kujerar baya, ita da abin da ke cikinta, da rana tsaka.

A zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta aika a kira wanzami ba. Ba wanda ya ambaci aska. Wanzamin da kansa ya zo gaisuwa, aka shimfiɗa masa tabarma.

Nakan tambayi kaina me Safiya za ta ce da ta ga Abujar yau. Yanzu maganar kaciyar mata ta shiga manyan otal-otal. Ana taro, ana raba riga da hula, ana jawabi da Turanci, a ci shinkafa a watse. Manyanmu na ofis su miƙe su ce ai mu Hausawa ba mu san wannan ba, al'adar wasu ce. Na tabbata dariya za ta yi, irin dariyarta ta takaici, domin a unguwanni irin su Orozo da Masaka, har da gidajen da ke da na'urar sanyaya ɗaki, ana nan ana yi a bayan labule. Mazan da za su yi doguwar muhawara a kan ko a yi wa yaro kaciya yana jariri ko a bari ya yi wayo, da an zo kan 'ya'yansu mata sai bakinsu ya mutu. Wanzami dai gado ya tarar, inda aka kira shi nan yake zuwa. Gwaggo kuwa abin da aka yi mata ta ɗauka taimako ne, ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya gafarta mata. Haushina yana kan wanda ya san aska tana kisa, ya kare ɗansa, ya kau da kai daga matarsa.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Nafisa ta haihu da kwana uku uwar mijinta ta zo da wanzami. Nafisa ta kulle kanta a ɗaki da jaririyar, ta kira ni. Na tarar da surukar a falo tana huci. "Hajiya, ɗan tsagawa ne kawai, don kada yarinya ta tashi da rawar kai," in ji ta. Mijin, Jamilu, ma'aikacin banki, ya ja ni gefe ya ce, "Anti, don Allah ki yi mata magana. Ni ba na son wahala da Mama, kuma harkar mata ba na shiga." Ban ce wa Nafisa ta fito ba, ban ce ta zauna ba. Ita ta buɗe ƙofa, tana tafiya da ƙyar, ta wuce ta gabansu ta shiga motata.

A gidana aka yi suna, mijina ya yanka rago, aka aske wa yarinya gashi kawai. Ko auren zai ɗore, Allah ne masani, kuma ina jin Nafisa tana kuka idan ta ɗauka ba na kusa. Kabarin Safiya ya baje, ko ni ba na iya nuna shi yanzu. Zannuwanta sun tsufa a jikin waɗanda aka raba wa. Abin da ya rage nata a duniya Alhaji Tukur ne ya faɗa mini sunansa shekaranjiya, da ya kira ni a waya. "Ki mayar da yarinyar nan ɗakinta," ya ce. "Taurin kai irin na uwarta zai kashe mata aure."

Na ce masa, "Alhaji, aure in ya mutu ana ɗaura wani. Kai shaida ne, arba'in na wucewa ka ɗaura. Safiya fa, wa ya mayar mana da ita?"

Sai ya kashe wayar.