Lallashin Da Na Yi Wa Arɗo Alkawari

Ya Edita, ina neman afuwa tun daga farko, domin shekaru sun ja kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. A lokacin ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na samu aiki a wata hukuma mai harkar filaye a Abuja. Mulkin farar hula ya dawo, duk inda ka waiwaya gini ne ke tashi. Ni kuwa sabon ma'aikaci ne da ba a tabbatar wa aikinsa ba, mai tsoron kuskure, ko gaisuwa sai na auna kafin in yi wa oga. Da yake ina jin Hausa da Turanci, sai aka riƙa fita da ni a matsayin tafinta.

Wata rana muka je wata ruga can bayan Jiwa, inda aka ba wani kamfani fili zai gina gidaje. Arɗon rugar dattijo ne mai raha. Ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da nono. Ogana ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa. Ana cikin magana ya juya ya ce wa wani abokin aikinmu da Turanci, umarnin da aka ba shi shi ne a yi "pacify" ɗin mutanen nan kafin damina. Kunnen Arɗo ya kama kalmar. Ya maimaita ta yadda harshensa ya iya, fasifai, sannan ya kira ni ɗansa, ya ce in gaya masa tsakanina da Allah me take nufi, domin in kora ce gara ya kwashe shanunsa da iyalinsa tun hanya na bushe.

Na san kalmar fuska biyu gare ta. Ita ake faɗa idan uwa na lallashin jariri ya daina kuka. Ita ce kuma na karanta a jami'a, sunan da Turawan mulkin mallaka suka ba abin da suka yi wa garuruwanmu da bindiga. 'Yan'uwanta ma haka suke, irin su "quell" da "subdue", da su ake kwantar da tsoro a zuci, da su kuma ake murƙushe masu gardama. Oga na kallona, Arɗo na kallona. Sai na ɗauki mai taushin, na ce lallashi ake nufi. Arɗo ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ashe sun zama jarirai, to gwamnati ta zo da zanen goyo kawai, nono su suna da shi. Ya sake tambayata ko na tabbata. Na ce iya sanina haka ne. Ya ce to zai zauna ya jira lallashin.

A mota na so in tambayi oga wacce ma'anar yake nufi. Sai na fasa, don kada ya ce mai digiri bai san Turanci ba, ko ya ce ina goyon bayan Fulani. Har yau ban san abin da ke ransa ba, wataƙila shi ma bai san abin da na sama suka shirya ba. Abin da na sani shi ne, da ruwa ya sauka aka tura katafila da 'yan sanda. Ban je ba, a ofis na ji. An ce bukkoki sun rushe da kayan mata a ciki, shanu sun firgita sun faɗa titi, babbar mota ta kashe wasu, wasu kuma ba a sake ganinsu ba.

Bayan wani lokaci na je kara, kasuwar dabbobi, sayen ragon layya, sai ga Arɗo riƙe da igiyar wani bijimi, yana yi wa wani dillanci. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na fara kame-kamen bayani. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya tambaye ni a hankali ko na yi aure, na ce har da ɗa. Sai ya ce Allah Ya raya, amma yana roƙona kada in lallashi yaron nan irin lallashinmu na ofis.

Ba ƙarya na yi ba, haka na daɗe ina gaya wa kaina, amma rabin gaskiyar da na ɓoye shi ne wanda mutumin nan yake buƙata. Matasa masu yi wa iyayenmu tafinta a ofis, asibiti ko kotu, idan kalma ta zo muku da fuska biyu ku faɗi duka biyun, ku tambayi mai ita a gaban kowa. Kunyar tambaya ba ta kai wannan nauyi ba.

In akwai wanda ya zauna a kan tabarmar nan ranar, ko ya ga rusau ɗin da idonsa, don Allah ya rubuto ya gyara inda na yi kuskure. Musamman ina son in ji ko shanun da suka ɓata sun dawo, domin na kasa tambayar Arɗo.